Tsumman Direba Da Hazon Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya ratsa harabar wata ma'aikata a Kano ko Sakkwato ko Damagaram da hantsi, abu guda zai gani: motoci jere a rana, hazo ya yi musu fari fat kamar an barbaɗa musu toka, kowane direba kuma riƙe da tsumma yana ta shafar motar maigidansa. Wani tsohuwar singileti ce a hannunsa, wani ƙyallen atamfa, wani kuwa tawul ne da ya kwana a cikin but tare da jak da sifana. Kafin maigida ya fito daga ofis an share motar sau biyu ko sau uku. Direba ya sauke nauyinsa, maigida ya tarar da mota tana ƙyalli ya ji daɗi. Bayan hunturu biyu sai a wayi gari baƙar mota ta koma ruwan toka, in rana ta haske ta a ga zane-zane sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Daga nan sai a shiga zargin fentin zamani, wai ba shi da ƙarko irin na da, a ɗauki motar a kai wa masu injin gogewa.

Fenti ba shi da laifi a cikin wannan al'amari. Ƙurar da ke kwance a kan mota ba ta yi mata ɓarnar a zo a gani muddin an bar ta a kwance. Hannun da ya ɗora busasshen tsumma a kanta ya ja, shi ne ya mayar da ita sanfefa. Gogewar da ake garzayawa a yi daga baya kuma tana dawo da ƙyalli, amma da naman fentin take biya, kuma wannan nama ba ya sake tofowa. Saboda haka ya kamata masu motoci su sauya abin da suke kira tsaftar mota, su yarda cewa a lokacin hazo motar da ta yi futu-futu da ƙura ta fi wadda ake sharewa kowace sa'a lafiya.

Domin a fahimci dalili, sai an fara sanin kaurin abin da ake magana a kansa. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kashi shi ake kira maikiron. Takardar littafin rubutu guda tana da kaurin maikiron 100 ko kusa da haka. To, dukan fentin da kamfani ke yi wa sabuwar mota, daga ƙarfe zuwa sama, yawanci tsakanin maikiron 100 ne da 150, wato bai wuce takarda ɗaya da rabi ba. Wannan ɗan kaurin ma hawa-hawa ne. Akwai hawan ƙasa da ke manne da ƙarfe yana hana tsatsa, wanda ake yi ta hanyar tsoma gangar motar cikin kwatami a sakar masa lantarki. Sai hawan share fage mai cike ƙananan ramuka. Sai hawan launi, wanda siriri ne ƙwarai, bai cika wuce maikiron 20 ba. A can sama kuma akwai wani hawa marar launi, garai-garai kamar gilashi, mai kaurin maikiron 35 zuwa 50. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma garkuwar sauran. A nan za a kira shi hawan garau. Duk wanki da shara da gogewa da za a yi wa mota tsawon rayuwarta, a kan wannan rabin takarda ake yin su.

Motocin da, na zamanin da Peugeot 504 ta cika hanyoyin ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, da yawansu launi da ƙyalli a haɗe suke cikin hawa guda. Irin wannan fenti idan ya tsufa yakan yi gari-gari kamar alli, in an goge shi launin ya fito a jikin tsumma, sabon launi ya bayyana daga ƙasa. Daga shekarun 1980 ne tsarin launi daban garau daban ya game duniya. Wannan ne ya sa dabarar da tsohon direba ya koya a kan motar da, ta dirza har sai ta yi sheƙi, ba ta dace da motar yau ba.

Ɗalibin ilmin halittu zai ga kamanni tsakanin wannan tsari da fatar jikinsa. Ita ma fata hawa-hawa ce, hawan samanta kuma shi ke karɓar rana da ƙura da gogayya. Kamar yadda sinadarin melanin ke tare wa fata hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani, haka masu haɗa fenti ke zuba wasu sinadarai cikin hawan garau don su shanye wannan haske kafin ya isa ga launi ya koɗar da shi. Amma kamannin a nan ya tsaya. A ƙarƙashin fatar sama akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke rabuwa dare da rana, sababbi na tunkuɗo tsofaffi zuwa sama har su mutu su zube, ta yadda cikin wata guda ko ɗan fiye da haka mutum ya sake fatar sama gaba ɗaya. Yaron da ƙaya ta karce a ƙafa, mako biyu ya ishe shi ya manta wurin. Fenti kuwa mataccen abu ne tun ranar da ya bushe. Abin da ya fita daga jikinsa ya fita ke nan.

An yi ƙoƙarin kwaikwayon halitta a wannan fanni. A 2005 kamfanin Nissan ya fito da wani hawan garau mai danƙo, wanda ƙananan karce ke shafewa a kansa cikin 'yan kwanaki idan ya sha zafi. Dabara ce mai kyau, sai dai komawa mazauni ce irin ta roba da aka danna aka saki. Babu sabon nama da ke tsirowa, kuma karcen da ya yanke hawan ba ya haɗewa.

Daga ina ƙurar take?

Mafi yawan mutane sun ɗauka hazo ƙasa ce kawai da iska ta kwaso daga hamada. Labarin ya fi haka daɗi. A arewacin Chadi, kudu da duwatsun Tibesti, akwai wani kwari mai faɗi da ake kira Bodele. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce wurin ƙasan tafki ne. Tafkin Chadi na wancan zamani ya haura murabba'in kilomita 300,000, wato kusan sulusin faɗin Nijeriya ta yau. A cikin ruwansa akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta guda, dangin gansakuka, waɗanda masana ke kira dayatom. Abin mamaki game da su shi ne kowace ɗaya takan gina wa kanta gida na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, gida mai murfi da gindi kamar ƙaramin akwati, mai huda-huda da ado wanda ba a gani sai da madubin ƙara girma. Da suka mutu sai gidajen suka riƙa nutsewa suna taruwa, shekara bisa shekara, har tafkin ya janye ya bar farin fili na ɓawonsu. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta daki wannan fili, ta ɗaga shi sama. Masana yanayi sun daɗe suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso ƙasar Hausa, bayan ta haɗu da rairayin hanya da yumɓu.

Ba yau aka fara lura da ɓarnarta ba. A watan Janairu na 1832, lokacin da jirgin ruwan nan Beagle ke gab da tsibiran Kef Bade a yammacin Afirka, Charles Darwin ya tattara 'yar ƙurar da ta sauka a kan jirgin, ya kuma rubuta cewa ta ɗan lalata kayan duban taurari da ke cikinsa. Ƙullin ƙurar da ya aika wa masani Ehrenberg a Jamus, an samu nau'o'in ragowar halittu 67 a cikinsu, ƙananan halittun ruwa da ke ciki kuma kusan dukansu na ruwan daɗi ne, ba na teku ba. Ƙurar da ta taɓa kayan aikin jirgi a tsakiyar teku, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa, ita ce ke kwana a kan bonet a Kano, inda ta fi kusa da tushenta, ƙwayoyinta kuma suka fi girma.

Binciken da aka yi kan ƙurar hazo a Kano wajen shekarar 1980 ya nuna cewa kwaz ne ya fi yawa a cikinta, wato farin dutsen nan mai ƙyalli wanda yawancin yashi daga gare shi yake. A nan ne ma'aunin tauri ya shigo. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya fi tauri shi ke karce na ƙasa da shi. Lu'ulu'un daimon yana kan 10. Kwaz yana kan 7. Gilashin taga wajen 5 da rabi yake, ɓawon dayatom ma kusa da nan. Farcen mutum 2 da rabi. Hawan garau na mota, wanda a haƙiƙa roba ce da ta daskare, bai fi farce tauri da wani abin kirki ba. Ashe ke nan kowace ƙwayar hazo, ko da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wuƙa ce a wurin fenti. Abin da ta rasa kawai shi ne mai danna ta, sai tsumma ya zo ya cike gurbin.

Wani abin sha'awa shi ne zane-zanen da ake gani a zagaye. Mutane kan ce ai don direba yana juya hannu a da'ira ne. Ko da a miƙe ya ja, bayan watanni karcen zai fuskanci kowace kusurwa, dubbai a kan dubbai. Idan hasken rana ko na tocila ya sauka, karcen da ke kwance a gicciye da layin da ya nufi tsakiyar hasken su kaɗai ke maido shi zuwa ido, sauran su ɓuya. Waɗanda suka bayyana ɗin sai su haɗu su yi kamar zobba kewaye da hasken, mai kallo na matsawa zobban na bin sa. Ana iya ganin haka a bayan tsohon cokali ko a gindin tukunyar silba da aka daɗe ana dirza da toka. Dushewar launi kuma daga nan take: lafiyayyen fenti yana maido haske ta fuska guda kamar madubi, karceccen fenti yana watsa shi ko'ina, wannan farin hasken da ya watsu shi ke hawa kan baƙi ya mayar da shi toka-toka. Farar mota ma tana karcewa daidai da baƙa, ido ne kawai ba ya kama ta da wuri.

Abin da injin gogewa ke yi

Masu sana'ar gyaran fenti suna da gwaji biyu da ya kamata kowane mai mota ya sani. Na farko, a zuba ruwa a kan karcen. Idan ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a cikin hawan garau ya tsaya, domin ruwa ya cike ramin ya daidaita hanyar haske. Na biyu, a ja farce a hankali a gicciye. In farce ya maƙale, ramin ya yi zurfin da gogewa ba za ta fitar da shi ba sai ta cinye hawan. Idan kuwa har ana hango fari ko toka-toka a ƙasan ramin, ko ƙarfe, maganar gogewa ta ƙare. Abin da ya rage a cike wurin da ɗigon fenti tun kafin damina ta kawo tsatsa.

Man gogewa, wanda ake kira folish, ba ya cike karce. Gari ne mai laushi na ma'adini mai tauri, yawanci alumina, a cikin ruwa-ruwan mai. Abin dariya ma, garin ɓawon dayatom ɗin nan yana cikin abubuwan da aka daɗe ana sakawa a man goge ƙarfe da makamantansa. Aikinsa shi ne ya zaftare tudun da ke kewaye da ramin har ko'ina ya sauko daidai da ƙasan ramin, kamar manomin da ya ga kwari a gonarsa, maimakon ya kawo ƙasa ya cike, sai ya kankare gonar duka. Ana farawa da mai kaushi, a bi da mai laushi wanda zai share sawun na farko, har sawun da ya rage ya yi ƙanƙantar da haske ba zai watsu a kansa ba. Gogewa marar tsanani takan ɗauke maikiron biyu ko uku. Mai tsanani, da injin da ke juyawa da gudu da soso mai kaushi, tana iya cin ninkin haka sau da yawa a zama ɗaya, musamman a kan kusurwoyi da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta. Mai lissafi ya ɗauki maikiron 40 ya raba, zai ga sau nawa mota za ta iya jure wannan a rayuwarta. Kuma tun kafin hawan ya ƙare, kariyar da yake yi daga hasken ultrabayolet ta ragu. Wannan ne asalin rufin mota da bonet da ake gani sun yi dabbare-dabbare suna saɓa kamar maciji. Idan aka kai nan babu man da zai yi magani. Garin neman gira an rasa ido.

Kada a ɗauka ana cewa gogewa haramun ce. Motar da ta riga ta dushe, gogewa ɗaya ta hankali a hannun gwani tana dawo da ita, kuma ta fi sake fenti araha nesa ba kusa ba. Gwani shi ne wanda ke wanke motar tas kafin ya taɓa ta, ya gwada ɗan wuri da man da ya fi laushi tukuna, ya ƙara kaushi sai in dole, ba ya barin inji ya daɗe a wuri guda har fenti ya yi zafi, ya kuma san karcen da ya kamata a rage masa kaifi kawai a ƙyale shi. Akwai 'yar na'ura mai auna kaurin fenti da ba ta fi wayar hannu girma ba, farashinta kuma bai kai kuɗin fentin ƙofa ɗaya ba. Abin takaici ne a ce mai sana'a yana zaftare abin da bai taɓa aunawa ba. Abin da ya cancanci suka shi ne gogewar kasuwa, wadda ake yi wa motar sayarwa da daddare don ta ɗauki ido da safe. Akan yi ta da gaggawa, sannan a shafe da mai mai cike ramuka na ɗan lokaci. Mai saye ya biya kuɗin ƙyalli, bayan wanki uku man ya tafi, zanen ya dawo, hawan garau kuma ya ragu da abin da ba a gaya masa ba. Wannan algus ne, ko da an saba da shi.

Haka nan a yi hattara da tallan ruwan kariya da ake rubuta wa 9H a jikin kwalba. Wannan lamba ta ma'aunin taurin fensir ce, ba ta Mohs ba, kuma fensir mafi tauri bai kama ƙafar kwaz ba. Irin wannan ruwa yana sa datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, amma ba ya hana yashi yanka.

Sake fenti, wanda shi ne ƙarshen hanyar, yana da wani farashi da mai mota ba ya gani. Hawan garau na zamani ana haɗa shi ne da wani ruwa mai sa shi daskarewa, wanda ke ɗauke da sinadarin aisosayanet. Shaƙar feshinsa na sa hanyoyin numfashi su zama masu saurin fusata, har mutum ya kamu da asma wadda ba ta barinsa ko ya bar sana'ar. A Ingila hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta daɗe tana sanya masu feshin fentin mota cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa da asma ta dalilin aiki. A garejojin ƙasar nan kuwa, sau da yawa yaro ɗan koyo ne ke riƙe da bindigar feshi, ya ɗaure hanci da hankici, wanda ba ya tare komai daga wannan sinadari. Kowace motar da aka sake wa fenti shekara biyar kafin lokacinta, wani ne ya shaƙi kuɗinta a huhunsa.

Ba ƙura kaɗai ke cin fenti ba, masu rai ma suna da nasu rabo. Tsuntsu ba ya fitsari irin na dabbobi masu shayarwa. Don tattalin ruwa, yakan fitar da dattin jininsa a matsayin yurik asid, wato farin nan da ke cikin kashinsa. Idan ya sauka a kan baƙar mota a rana, inda zafin ƙarfe kan haura digiri 70 a watan Afrilu, fentin yakan yi laushi ya buɗe, da yamma ya huce ya ƙanƙame da siffar busasshen kashin, a bar tabo ko bayan an wanke. Ga shi kuma tsuntsu yana haɗiyar tsakuwa don niƙa a ƙundunsa, don haka kankare kashin a bushe karce ne tabbas. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle na 'yan mintoci, ya jiƙu, a ɗauke shi sama ba tare da an ja ba. Inuwar bishiya ma tana da nata sharri: kashin jemagu da na belbela, da darɓar da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke zubarwa, wadda manomin dawa ya sani sarai. Duk da haka inuwa ta fi rana, in dai za a duba motar kullum.

Hujjar direba

Direba yana da abin cewa, kuma ya kamata a saurare shi. Ruwa tsada gare shi a birni. Jarkar mai ruwa ba kyauta ba ce, hazo kuma yana sake rufe mota cikin sa'a biyu, ba wanda zai iya wanki sau uku a yini. Sannan shi da tsaftar motar ake auna shi. In maigida ya fito da baƙo ya tarar da ƙura, direba ne malalaci. Tsumma shi ne kariyar aikinsa. Saboda haka gyaran daga maigida zai fara, shi da zai biya kuɗin fenti in ya lalace: ya buɗe baki ya ce a bar ƙurar, a yi wanki ɗaya na kirki a mako. Wannan ya fi sharar kullum arahar ruwa da ta fenti duka.

Wankin kirki ba ya bukatar kayan waje. A yi shi a inuwa, jikin mota a sanyaye, domin ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko gishirin ƙasa, in ya bushe a rana ya bar ɗigo-ɗigon fari mai cin fenti. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa, ruwan ya tafi da mafi yawan yashin. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, duk shafa ɗaya a ɗauraye soson kafin a mayar da shi cikin kumfa. Mai bokiti ɗaya yashin da ya cire yake sake ɗebowa. Tayoyi da gindin mota su zo a ƙarshe, da soso nasu daban. Kumfa aikinta santsi ne, ta sa ƙwayar yashi ta zame maimakon ta nutse. Garin sabulun wanki ba a yi shi don wannan ba, yana wanke kakin da aka shafa don kariya, garin da bai narke ba kuma shi ma yana karce. Tawul ɗin tsanewa ya zama mai laushi, wankakke, wanda bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Samarin da ke sana'ar wankin mota a bakin titi, wanda ya fara riƙe wannan tsari a cikinsu, ya kuma iya bayyana wa mai mota dalilinsa, ya sami abin da zai bambanta shi da na kusa da shi.

Wuri ɗaya ne ba za a ce a bar ƙura ba, shi ne gilashi, domin sai an gani ake tuƙi. Amma a tuna kwaz ya fi gilashi tauri. Direban da ya kunna waifa a kan busasshen gilashi mai hazo yana zana masa bakan karce daidai inda idonsa ke kallo. Da rana ba a lura. Da dare, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, fitilar babbar motar da ke tahowa takan watsu a kan waɗannan layuka ta zama farin labule, a daidai lokacin da ake bukatar ganin mai keke a gefen titi. Tankin ruwan waifa da ake bari a bushe shekara da shekaru, cika shi ba ya cin ruwa mai yawa.

Game da kakin kariya, nan ma daga tsiro aka aro dabarar. Ganye yana rufe kansa da siririn kaki don kada ruwan jikinsa ya ƙafe. Kakin da aka fi so don mota, karnuba, daga ganyen wani giginya-giginya na arewa maso gabashin Brazil ake kaɗe shi, kuma ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, alhali kakin zuma tun wajen digiri 63 yake sakewa. Amfaninsa shi ne ya zama hawan sadaukarwa: shi ke karɓar datti ya tafi, a sake shafa wani bayan wata biyu ko uku, abin da ba za a iya yi wa fenti ba. Ganyen gwaza ya fi kowane kakin kwalba iya wannan aiki. A ɗiga masa ruwa a gani, ɗigon yakan dunƙule kamar dutsen ado ya gangara, ya kwashe ƙurar da ke hanyarsa. A 1997 wasu masana tsirrai biyu na Jami'ar Bon a Jamus, Barthlott da Neinhuis, suka bayyana sirrin a kan ganyen lotus, wani tsiron ruwa mai kama da bado: fuskar ganyen cike take da ƙananan tuddai masu rufin kaki, ruwa da ƙura a kan ƙololuwarsu kawai suke tsayawa. Masana'antu sun kwaikwayi wannan a fentin bango, amma a mota ya ƙi zama, saboda tuddan suna dushe ƙyalli, shafa ɗaya kuma ta rushe su. Ganye in an shafe nasa yana iya fitar da sabon kaki.

Malamin kimiyya a sakandare yana da darasi a nan wanda ba ya cin ko kwabo. A sami tsofaffin faifan CD biyu, a ajiye su a kan taga kwana biyu cikin hazo. Ɗaya a share shi da busasshen ƙyalle, ɗayan a kwarara masa ruwa tukuna sannan a tsane. A maimaita sau goma, a rufe tagogi a haska su da tocila, ɗalibai su zana abin da suka gani kewaye da hasken. Makarantar da ke da madubin ƙara girma kuma, a shafa ɗan man gilisarin a kan gilashin gwaji, a bar shi a waje dare ɗaya a tsakiyar Janairu, a rufe a duba da ƙarfin 400. Yawancin abin da za a gani gutsattsarin kwaz ne masu kaifin baki, da zaren tsumma, da ƙwayar furen ciyawa nan da can. Ɗalibin da ya yi haƙuri ya bi gilashin layi-layi yana iya cin karo da ɗan guntu mai siffar ganga, da ramuka jere a jikinsa kamar an huda da allura, ɓawon wata halitta da ta rayu a ruwan Chadi tun ba a kafa Kano ba.